Sawun Ranar Ruwa

Ungulaye ne suka fara ba da labari. Tun daga nesa Duƙau ya hango su suna shawagi a kan busasshen tafki, sai ya bugi rufin mota ya ce direba ya tsaya, ba ya so taya ta ɓata masa ƙasa. Ya sauka ya ci gaba da ƙafa, sojoji na biye da shi.

Duƙau ba soja ba ne. Mai bin sawu ne da barikin can ƙuryar arewa ya ɗauka aiki, kuma sunan ya bi shi ne saboda kullum kansa a ƙasa yake. Ko gaisawa kuke yi, takalminka yake kallo. Ƙanensa Auta shi ne sojan gidansu, kofur ne, kuma shi ya jagoranci sintirin da ake nema. Su uku suka fita a ɗaya daga cikin sababbin motocin sulken da aka kawo da kiɗa da dogon jawabi, a tsakiyar wani zafi da ba a taɓa ganin irinsa ba, zafin da bindiga ba ta taɓuwa sai da tsumma. Motar ta tafasa ta mutu a cikin yashi, rediyonta ya bi ta.

Mutuwar mota kaɗai ba ta isa ta kashe mutum ba, don barikin yana da tsarinsa. A kowace hanyar sintiri akan binne jarkokin ruwa a wurin da kowa ya sani, a aza duwatsu a kai. In ka shiga matsala sai ka nufi duwatsun, ka tona, ka sha, ka jira a zo a ɗauke ka. Saboda wannan ruwan na ƙarƙashin ƙasa soja yake fita da ƙwarin gwiwa, saboda shi matarsa take iya barci.

Biyu daga cikinsu suna kwance a gefe, an lulluɓe su da ƙaya. Auta kuwa a cikin ramin yake, shi ma an jawo ƙaya an rufe shi. Ya tone jarkokin ɗaya bayan ɗaya da hannunsa har faratansa suka kakkarye, kowace a buɗe, kowace a bushe ƙayau. Ta ƙarshen tana rungume a ƙirjinsa.

Duƙau bai yi kuka ba. Ya tsuguna ya gyara wa ƙanensa wuyan riga yadda ya saba yi masa tun yana ɗan makaranta, don shi ya rene shi bayan rasuwar iyayensu. Sannan ya koma ga sana'arsa. Ga sawun mamatan suna jan ƙafa. Ga sawun raƙumi, ga na takalmin fata na wani mai dogara sanda. Ga kuma gurbin jarka guda da aka ɗauke.

"Zan same shi," in ji Duƙau, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wallahi ko ƙasa ya shige sai na zaƙulo shi."

* * *

Kafin la'asar labari ya game bariki. Matan sojoji suka fito daga layin gidajensu suka cika ƙofar ofishin Kyaftin, kwamandan wurin, kowace da abin da take faɗa. Makiyayan nan ne. Dama an sha ganinsu suna kewaya tafkin. Dama ba sa ƙaunar soja. Wata ta rantse ita tun ranar da ta ga idon tsohon nan mai raƙumi ta san ba mutumin kirki ba ne, alhali ko makon jiya madararsa ta dama wa 'ya'yanta.

Kyaftin ya fito a goge kamar kullum, kaki ya sha guga, takalmi na ɗaukar ido.

"Gwamnati ta kashe abin da ta kashe ta kawo mana kayan aiki na zamani," in ji shi, "wasu marasa kishi suna yi mana zagon ƙasa. Duƙau, kawo mini shi."

Ba sai an maimaita masa ba. Washegari kafin rana ta take, sawun raƙumin ya kai su wata bukka a gindin tudu. Ga jarkar soja a jingine, ga tsoho zaune yana tufkar igiya. Duƙau ko sallama bai yi ba. Ya fizgi sandar tsohon ya maka masa a kafaɗa, ya ƙara, ya ɗaga zai ƙara ta uku aka riƙe hannunsa ta baya.

Saje ne. Shi ke tsara fitar sintiri da binne ruwa, ƙaton mutum mai fara'a, abokin shan shayin Duƙau tun zuwansa barikin.

"Bari, mutumina, kada ka ɓata hannunka," in ji Saje. "Mu kai shi hukuma ta gama da shi. Ni ma Auta ƙanena ne."

Aka kulle tsoho a ɗakin masu laifi, aka ce motar kaya in ta zo za ta tafi da shi hedikwata. Samarin sojoji kuwa suna faɗa a fili cewa hanya tana da nisa, ba lalle ne ya isa da rai ba. Duƙau ya ji, bai hana su ba.

* * *

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai ya ƙi wucewa. Mutumin da zai shanye maka ruwa ya bar ka ka mutu, me zai sa ya tsaya yanko ƙaya cikin wannan rana don ya rufe gawarka? Da safe ya sa aka buɗe masa ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ka lulluɓe su?"

"Ni ne."

"Don me?"

"Don ungulu. 'Ya'yan wasu ne." Tsoho ya gyara kafaɗarsa da ta kumbura. "Na cikin ramin na yi na yi in fito da shi, ya ƙi sakin jarkar, sai na rufe shi a nan. Naka ne ko? Kuna kama ta goshi."

Duƙau ya kauce wa tambayar. "Me ya hana ka zuwa ka faɗa?"

"Da na zo, me za ku yi mini wanda ba ku yi ba yanzu?"

"Jarkar fa?"

"Na ɗauka. Babu komai a cikinta, ni kuma salkata ta ruwa ta yage. In sata ce, to na yi sata, ɗana. Amma ruwa ban gani ba balle in sha. Ina da rijiya, me zan yi da ruwan rami?"

"Amma ka san inda ake binnewa."

"Har awakina sun sani. Waɗannan jarkokin ma ina kan tudu aka binne su, ranar da ruwan saman nan na bazata ya zo sau ɗaya ya tafi abinsa. Mutum biyu ne. Kada ka tambaye ni fuska, ido ya tsufa."

Duƙau ya ja ƙofa ya fita bai gamsu ba. Furfura ba ta hana mutum ƙarya, kuma zuciyarsa tana son ya zama tsohon ne, don shi ne a hannu.

* * *

Wata daga cikin matan ta tare shi a hanya ta tsegunta masa cewa ya binciki direban tanka. Wai yana kai wa makiyaya ruwa a ɓoye saboda wata budurwa, wa ya sani ko da shi aka haɗa baki. Duƙau ya same shi kwance a ƙarƙashin tankarsa yana fifita da kwali.

"Ni? Budurwa? Haba Yaya Duƙau, dubi fuskar nan da kyau. Matata ma da ƙyar take kallonta."

Da ya ga ba a yi dariya ba sai ya jawo jiki ya fito ya zauna.

"Ruwan da zan ba makiyayi yana ina? Injin rijiyar bariki ya lalace tun bara, an kai kuka har an gaji, ba a gyara ba. Amma an sami halin sayo motocin da ke tafasa kamar tukunya. Daga kudu nake jigilar ruwan nan, kafin in je in dawo leɓena ya tsage. Zuwan da manya suka yi don ƙaddamar da motocin, ka san abin da aka yi da tankata? Wanka aka yi wa ƙarfe! A wanke, iska ta zo, a sake. Ruwan sama ya zo ya ɓata su da laka, a sake. A yayyafa wa filin fareti don kada takalman baƙi su yi ƙura. Har furanni aka kawo a tukwane aka ce in shayar. Ina kallon ruwa yana malala a ƙasa, zuciyata kamar ta fashe."

"Ranar binne jarkoki, kai ka kai su tafki?"

"Ina! Ina nan ina riƙe da tiyon wanke motoci. Saje ne ya ɗauki ƙaramar mota ya tafi."

"Da wa?"

"Ban lura ba, wallahi."

Duƙau ya dudduba tayoyin tankar, ya tuna bai ga irinsu ko kusa da bukkar tsohon ba. Maganar budurwa dai gulma ce. Ya wuce wurin Saje, ya tarar ya ɗora shayi a inuwar sito.

"Kai ka binne na bakin tafki?"

"Ni da hannuna," in ji Saje yana tsiyaya masa. "Cike taf, sai da bayana ya yi ciwo. Sha shayi, mutumina, ka daina wahalar da kanka. Mai laifi yana hannu."

* * *

Gari na wayewa Duƙau ya ɗauki tsintsiya da gorar ruwa ya koma tafkin shi kaɗai. Dabararsa ba wata mai tsawo ba ce. In da gaske ranar ruwa aka binne jarkokin, to ƙasar wurin laka ce a ranar, kuma laka in ta kama sawu ta bushe sai ta riƙe shi. Yashi ne kawai iska ta shimfiɗa a kai. Fatansa ya ga takalmin tsohon a kan na sojoji, ya samu hujjar da zai huce da ita.

Ya yi ta shara a durƙushe, rana na dukan ƙeyarsa, gumi na bushewa tun bai gangaro ba. Can sai tsintsiya ta fara karo da ƙasa mai tauri, sawu ya soma fitowa.

Takalman soja ne, mutum biyu, daga inda mota ta tsaya zuwa rami. Na farko ƙaton takalmi ne mai jefa ƙafar hagu waje, ko a mafarki ya san tafiyar Saje. Amma tafiyar ba ta yi masa daidai ba. Wanda ya ɗauki jarka cike a kowane hannu takunsa gajere ne, yana ware ƙafa, dunduniyarsa na nutsewa. Wannan kuwa taku ne dogo, sakayau, irin na mai zuwa kasuwa hannu na dukan cinya. Inda aka ajiye jarkokin ma gindinsu bai shiga lakar ba, shafarta kawai ya yi.

Ya ci gaba da shara. Sai ga wata alama ta yi gefe, kusurwa, gefe, kusurwa, tana nisa da ramin. Jarka ce iska ta ɗauka tana mirginawa da ita a kan laka. A bayanta kuma ga sawun mutum na biyu yana bin ta da gudu, har da wurin da santsi ya kwashe shi ya dafa ƙasa da hannu.

Siririyar ƙafa ce, mai danne gefen dunduniyar dama. Duƙau ne ya saya wa ƙafar nan takalminta na farko.

A nan kukan da ya ƙi zuwa ya zo masa. Ya kifa goshinsa a kan shatin hannun Auta ya yi ta rusa kuka kamar ƙaramin yaro, babu mai ji sai ungulu. Da ya gaji ya rarrafa ya leƙa ramin. Lakar ranar ta daskare a jikin jarkokin har ta ɗauki siffarsu, kuma babu alamar shebur ko sanda a jikinta, sai kartar farata. Tun ranar da aka rufe ramin nan babu wanda ya sake buɗe shi sai Auta. Tsohon bai sha komai ba, don babu abin sha. A bushe aka binne su.

To amma Auta ya sani, da shi aka binne. Rijiyar makiyaya tana ɗaya ɓangaren, ta fi nisa amma mai rai zai kai. Me ya sa ya jawo mutanensa zuwa ramin da ya san babu komai? Duƙau ya rufe wurin da buhuna, ya danne da duwatsu, ya juya da wannan tambayar tana cin sa.

* * *

Matar Auta tana zaune a kan tabarma a tsakar ɗaki, kakin mijinta na canji yana rataye a ƙusa, kofinsa a kife a kan akwati. Ta rame har wuyanta ya fito.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Yauwa, ƙanwata. Ki yi haƙuri zan tayar miki da ciwo. Ranar da zai fita, yaya kika gan shi?"

"Ba ya son fitar," in ji ta. "Ya sa takalmi ya cire, ya sake sawa. Na ce ko ba ka da lafiya ne, ya ce lafiya lau. Sai Saje ya zo yana kiransa, ya fita suka tsaya a bakin tagar nan."

"Kin ji abin da suka ce?"

"Na ji. Ya ce, Saje, jarkokin bakin tafki an koma an cika su? In ba a cika ba, ba inda zan kai yaran mutane. Saje ya ce an cika tun shekaranjiya, shi da kansa ya je. Har da rantsuwa, Yaya, ya ce ya rantse da abin da zai kashe shi. Auta ya dawo yana dariya ya ɗauki hularsa." Ta share ido da bakin zane. "Shi ya sa da aka ce tsohon nan ya shanye na yarda, don na ji da kunnena an cika."

Duƙau ya daɗe yana kallon siminti.  Ya tuna shayin da ya sha jiya a hannun Saje.

"Gobe ki shirya," in ji shi. "Ki gaya wa matan sauran biyun su ma su shirya."

* * *

Duƙau ya gaya wa Kyaftin cewa in aka kai tsohon bakin ramin gaskiya za ta fito a gaban kowa. Kyaftin yana son taro, musamman wanda shi zai tsaya a gaba, nan da nan ya amince. Da hantsi motoci biyu suka tsaya a bakin tafkin. Ga Kyaftin, ga Saje, ga direban tanka, ga tsoho ɗaure da igiya, ga matan mamatan uku da sojoji kewaye. Iska mai zafi na kaɗawa har huluna na neman tashi.

Duƙau ya sauko da jarka cike taf ya dire ta a gaban Saje.

"Mutumina, bayan ya warke?"

"Wane baya?"

"Wanda ya yi ciwo ranar binne ruwa. Ɗan tura mini wannan da ƙafa ta gangara."

Saje ya yi yaƙe ya sa ƙafa. Jarka ko gezau.

"Ƙato kamarka ka kasa," in ji Duƙau. "To zo ka ga wadda iska ta tura."

Ya janye buhunan. Mutane suka matso. Ya nuna musu inda jarka ta yi ta mirginawa, ya nuna ƙafar da ta bi ta da gudu, ya nuna dogon takun mai jefa ƙafar hagu, ya kai su bakin rami ya nuna kartar farata a jikin laka. Bai ɗaga murya ba. Direban tanka ne ya fara ganewa, ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Ruwan da na wanke motoci da shi ke nan!"

"Sawu ai kowa na da shi," in ji Saje, gumi na tsattsafo masa.

"Haka ne. Taka naka a kusa da wannan mu gani."

Saje bai motsa ba. Ya dubi Kyaftin, ya dubi sojoji, sai kawai ya fashe.

"To ai da ƙanenka muka binne! In laifi ne tare muka yi. Ruwa babu, an ce kafin baƙi su iso kowane rami ya kasance da jarkokinsa a ciki. Muka ce in tanka ta dawo a koma a cika."

"Aka cika?"

Saje ya kawar da kai.

Matar Auta ta ratso mutane ta tsaya a gabansa, kanta ko kafaɗarsa bai kai ba.

"Saje, dube ni. A bakin tagata ka tsaya. Ya tambaye ka, ka rantse masa. Ka ci abincina, ka ɗauki ɗana a wuyanka, sannan ka tura mini miji ya je ya tona rami da farce. Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Da na ce ba a cika ba, ba zai fita ba," in ji Saje. "In bai fita ba sai an tambayi dalili. Mota sabuwa ce fil, wa ya zaci za ta mutu? Yallaɓai, ai kai ka ce in san yadda..."

"Rufe mini baki!" Kyaftin ya daka tsawa. "Ku kama shi. Sauran bayani a bariki."

Da ƙyar sojoji suka ƙwace Saje daga hannun matan. Duƙau ya je ya kwance wa tsohon igiya da kansa, ya miƙa masa sandarsa.

"Baba, na dake ka a kan zalunci. Ga ni, ka rama."

"Kafaɗa za ta warke," in ji tsoho. "Je ka ji da naka, ya fi nawa."

* * *

Da gari ya waye, ɗakin masu laifi babu kowa. Saje ya fice ta ƙofar baya da ƙafa. Kyaftin ya ɗauki mota guda da 'yan sojoji, ya sa Duƙau a gaba, suka bi sawun Saje cikin jeji.

Rana ta yi tsaka lokacin da yashi ya ƙare suka hau wani fako mai tsakuwa. Duƙau ya sauka ya duƙa. Ga wanda bai iya ba, wurin babu komai. Shi kuwa ga tsakuwa an juya ta, ga wata an ture, ga ƙafar hagu ta fara ja. Saje rijiyar makiyaya ya nufa, amma ya kauce, ya miƙi hanyar tuddan yashi inda ko ƙadangare ba ya zama. In aka bar shi, kafin faɗuwar rana harshensa zai cika masa baki, ya mutu irin mutuwar da ya ba Auta.

Duƙau ya ji daɗin wannan tunani har cikin ƙashinsa. Babu mai iya ƙaryata shi a duk faɗin jejin nan.

"Ka ga wani abu?" Kyaftin ya tambaya daga cikin mota.

"Iska ta share, Yallaɓai."

"To, mun yi iya ƙoƙarinmu. Mu juya."

Maganar ta fito da sauri fiye da kima. Duƙau ya ɗago kai, abin da bai cika yi ba, ya dubi fuskar mutumin. Kwamandan da fursuna ya tsere masa ya kamata ya yi faɗa, ya zagi uwar kowa, ya ce a sake dubawa. Wannan kuwa kafaɗunsa sauka suka yi, har yana laluben sigari. Nan take Duƙau ya tuna kwaɗon ɗakin da safe, yana rataye a buɗe, ba karaya ba ƙwarzane, kuma makullinsa a ofis ɗaya yake kwana. Ashe ba gudu Saje ya yi ba, sako shi aka yi ya zo ya mutu da sauran maganarsa a baki. In ya mutu, wanda ya sa aka yi wa ƙarfe wanka da ruwan mutane zai ci gaba da goge takalminsa, wata rana ma a ƙara masa girma.

Kai, ina! Ɗaya bai ishe shi ba.

"Dakata," in ji Duƙau. "Na gani. Ga shi nan."

"Ka ce iska ta share."

"Ido ne ya yaudare ni, Yallaɓai. Direba, biyo ni a hankali."

Suka same shi a bayan wani tudu, ya cusa kansa a ƙarƙashin wata busasshiyar ƙaya, ya yar da riga da takalmi ɗaya. Leɓensa ya farfashe, idanunsa sun faɗa. Da ya ga gora a hannun Duƙau sai ya miƙo hannu yana wani gurnani.

Duƙau ya tsuguna daf da shi. Ya buɗe gorar a hankali, ya kurɓa, ya kuskure baki, ya zubar a ƙasa kusa da fuskar Saje. Yashi ya shanye nan take.

"Wa ya buɗe maka ƙofa? Wa ya ce ka binne su a bushe? Samarin nan suna jinka."

"Duƙau, ba shi ruwa, wannan umarni ne," in ji Kyaftin, amma muryar ba ta fita da kyau ba.

Duƙau ko waiwaye bai yi ba. Saje ya motsa baki, harshe ya ƙi. Sai ya ɗaga hannu da ƙyar, ya nuna Kyaftin, ya riƙe hannun a haka har kowa ya gani. Sojojin suka dubi juna. Abokan aikinsu uku suka binne a makon nan. Ba wanda ya ba su umarni, suka taka suka tsaya tsakanin Kyaftin da motar, direba ya zare makulli ya jefa a aljihu.

Sai a lokacin Duƙau ya tallafo kan Saje ya ɗiga masa ruwa a baki.

"Sha a hankali, mutumina, kada ka ƙware. Ina so ka yi tsawon rai. Za ka tsaya a gaban kotun soja ka faɗa da bakinka, in an ce ka maimaita ka maimaita. Duk ranar da aka fito da ku, kai da shi, in ka ɗaga kai za ka gan ni a layin gaba, ni da matar Auta."

Saje ya kama gorar da hannu biyu yana neman ƙari. Duƙau ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya rufe gorar tun bai ƙoshi ba.